Aikin kafinta don gida mai kuliyoyi bakwai: abin da ya yi kyau da abin da sai da aka sake

Kujerun kushin da ke falonmu ba su cika shekara huɗu ba soson cikinsu ya fara leƙowa ta gefen hannuwa, kuma duk baƙon da ya ga yadda yadin ya tsattsage ba ya bukatar a gaya masa cewa akwai kuliyoyi a gidan. Guda bakwai ne yanzu. Da ɗaya aka fara, wadda yara suka tsinto a bakin kwata cikin damina, ta haihu sau biyu kafin mu kai ta asibitin dabbobi a yi mata aikin tsayar da haihuwa, daga baya kuma wani tsohon muzuru na unguwa ya ga wurin zama ya tare abinsa. Masu cewa kyanwar Lami ba ta cizo ba ta yakushi, ina jin ba su taɓa barin ta ta kwana a ɗaki ɗaya da kujerar yadi ba.

Na duba irin kayan hawan kuliyoyi da ake shigowa da su daga waje ana tallarsu a intanet, sai na ga yawancinsu an yi su ne don gida mai mage ɗaya ko biyu, turakunsu bututun kwali ne da aka lulluɓe da yadi mai gashi, ga kuma tsada. Saboda haka na zana abin da nake so a takarda na kai wa wani kafinta da ke da shago ba nisa da 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Ba zan ambaci sunansa ba, tun da akwai yabo akwai kuma ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Wata 14 ke nan da aka kawo kayan, sun sha zafin bazara, sun sha damina da hunturu, don haka ina ganin lokacin yin hukunci a kansu ya yi. Abin da na ba da aikinsa shi ne hasumiyar hawa mai turakun yakushi, da kantoci a bangon baranda, da kabad na ɓoye robobin yashin da kuliyoyin suke kashi da fitsari a ciki, da dogon benci na zaman mutane wanda zai maye gurbin babbar kujerar da ta lalace.

Da farko yaran shagon dariya suka yi, shi kuma maigidan nasu ya tambaye ni cikin girmamawa ko da gaske duk wannan katako don mage za a yanka shi. Amma abin da ya fara sa ni sakin jiki da shi shi ne bai yarda ya yanke farashi daga takarda ba. Ya zo gidan da kansa da tef ɗin awo, ya ƙwanƙwasa bango ya ji inda bulo yake da rami, sannan ya zauna a tsakar gida kusan rabin awa yana kallon inda dabbobin suke hawa da inda suke gudun juna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, domin a wannan zaman ne ya lura da cewa kusurwar da na zaɓa wa hasumiyar babu wadda take zuwa wurin a cikinsu, ya ce a matsar da ita kusa da taga, kuma gaskiyarsa ce ta fito.

A wajen zaɓen katako ne na fi amfana da iliminsa. Ni allon MDF na so, saboda sumul yake kuma ya fi sauƙin kuɗi, shi kuwa ya ƙi, ya ce garin katako ne aka matse da gam, da zarar ruwa ya shige shi ta gefe sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma gida mai muzuru ba ya rabuwa da fitsari a jikin kaya. Muka tsaya a kan filawud mai kaurin milimita 18, irin falle mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, da maɗaci don ƙafafu da hannuwan benci, da malaina don turaku, tun da igiya za ta rufe su. Ya kuma dage sai katakon ya ƙara shan iska mako biyu a inuwa kafin ya taɓa shi, domin yawancin katakon da ake sayarwa a nan daga kudu ake kawo shi da sauran danshinsa, idan aka haɗa shi ɗanye sai iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke, mahaɗai su saki. A lokacin na ɗauka dabarar jan lokaci ce. Da hunturu ya wuce, tsaga ɗaya ce kawai ta bayyana, a bayan benci, kuma ba ta shafi ƙarfinsa ba.

Hasumiyar tana da tsawon santimita 180, gindinta filawud ne ninki biyu mai faɗin santimita 70 ta kowane gefe, samanta kuma an kama shi da bango da ƙarfe. Wannan nauyi shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, saboda mage ba ta komawa kan abin da ya taɓa girgiza a ƙarƙashinta, kuma idan uku suka biyo juna da gudu suka haye a lokaci guda, abu marar nauyi kifewa zai yi. Yakushi kuwa ba ɓarna ba ce a wurinta. Da shi take cire tsohon ɓawon farcenta, da shi take miƙa jikinta, da shi kuma take barin ƙanshin tafin ƙafarta don sauran su san ta bi ta wurin, shi ya sa duka da tsawa ba sa hana shi, sai dai a ba ta wurin da ya fi kujera daɗin karta. Turken yana bukatar tsawon da za ta miƙe a kansa gaba ɗaya, namu santimita 90 ne.

Kan igiya muka yi gardama ta farko. Ya so a naɗa igiyar leda saboda ƙarkonta, ni kuma na ƙi, domin farce yana santsi a kanta, kuma zaren da ya tsinke idan mage ta haɗiye shi yana iya naɗe mata hanji. Abin da aka saba amfani da shi a irin wannan aiki shi ne igiyar sisal, wadda ake samu daga ganyen wani tsiro ɗan asalin Meziko da ake nomawa sosai a Brazil da Tanzaniya da Kenya. Wadda na samu turke ɗaya kawai ta isa, sai muka naɗa wa na biyu igiyar rama da na saya a Kasuwar Kurmi, muka kuma shimfiɗa tabarmar kaba a kan wani allo mai gangara. Mai shirin irin wannan aiki ya sani cewa igiya tana tafiya fiye da zato: turke mai faɗin santimita 10 ta kowane gefe, da igiya mai kaurin milimita 8, ya cinye kusan mita 50. Sisal ɗin har yau tana nan da ƙarfinta, ramar ta fara zama buzu-buzu tun a wata na biyar, tabarmar kuwa tsohon muzurun ya mai da ita tasa, mun canza ta sau biyu, amma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

A nan ne kuma kuskuren shagon na farko ya fito. Yaran da aka bar wa naɗin sun bi igiyar da ƙananan ƙusoshi daga sama har ƙasa, wasu ma kawunansu a waje, a daidai wurin da farce zai riƙa shiga. Da na nuna wa maigidan bai yi musu ba, ya sa aka warware duka aka sake naɗawa da gam, aka kama bakin igiyar da sukuru a can ƙarƙashin allo inda ƙafa ba ta kaiwa. Na yaba da yadda ya karɓi gyara, amma da ban duba da hannuna ba haka za a kawo min shi, kuma wannan aikinsa ne ba nawa ba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne maganin gara. Al'adar kafintoci ce su shafe ƙafafun kaya da baƙin mai ko wani maganin ƙwari mai ƙarfi, kuma har ya buɗe galan zai fara na tsayar da shi. Mage tana lasar jikinta kullum, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai ƙare, hantarta kuma ba ta iya sarrafa sinadarai irin su fenol kamar yadda ta mutum ko ta kare take yi, sannan maganin ƙwari mai sinadarin fametirin yana iya kashe ta. Bai san da wannan ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba tun da bai taɓa yi wa dabba aiki ba. Muka yi amfani da banish irin wanda ake sirkawa da ruwa, aka bar kayan kwana goma a iska har warin ya fita, aka sa wa ƙafafun roba don kada su taɓa siminti. Har yanzu gara ba ta kusance su ba, ko da yake ina dubawa duk ƙarshen damina.

Kantocin baranda guda shida ne, faɗin kowace santimita 28, tazarar da ke tsakaninsu kimanin santimita 40. Ya huda bango da inji ya cusa robar da suke kira fisha kafin ya ɗaura sukuru, maimakon ya buga ƙusa a filasta, kuma babu wadda ta motsa har yau. Shawarar da ta fi amfani a nan ma tasa ce, wato a yi hanyar hawa ta gefe biyu, domin ya ga yadda uwar garken take tare hanya ta hana ƙanana wucewa, kuma kanta mai mafita ɗaya tarko ce ga wadda ake kora. Faɗan dare ya ragu ƙwarai tun daga lokacin. Sai dai hannun kafinta ya saba da faranta wa idon mutum, don haka ya goge su da samfefa ya shafe su har suna ƙyalli, a ranar farko autar kuliyoyin ta yi tsalle ta zame ta faɗo. Sai da muka liƙa guntayen kafet a kansu sannan suka yarda da su.

Kabad ɗin yashi shi ne aikin da bai yi nasara ba, kuma rabin laifin nawa ne tun da ni na zana shi. Masana halayyar kuliyoyi suna ba da shawarar robar yashi ɗaya ga kowace mage da ƙarin guda ɗaya, wato takwas a gidanmu, abin da ba mu da wurinsa, sai muka tsaya a kan huɗu tun da suna fita tsakar gida. Na so a rufe robobin ruf da ƙofa da rami ɗaya na shiga. Da zafin watan Afrilu ya zo, lokacin da Kano take haura digiri 40, warin da ya taru a ciki ya kore su, kuma wadda ta shiga sai ta tarar da wata ta tsare mata bakin ramin. Biyu suka koma yin abinsu a bayan buhun gawayi. Kafintan ya dawo ya cire ƙofofin, ya fasa rami na biyu, ya mai da bayan raga, yanzu yana amfani, amma duk wanda ya kalle shi ya san gyararre ne.

Bencin kuwa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Hannuwansa maɗaci ne tsura ba yadi, farce ba ya samun abin kamawa a kansu, matasansa na yadi ne mai kauri da matsattsiyar saƙa, da zif a jiki don a cire a wanke, ƙafafunsa kuma suna da tsawon da tsintsiya take shiga ta kwaso gashi. Mun ajiye hasumiyar kusa da shi, saboda mage da ta tashi daga barci abin da ya fi kusa da ita take fara karta, dabbar da take barcin awa 12 zuwa 16 a rana kuwa tana tashi sau da yawa.

Ta fuskar alkawari bai bambanta da sauran masu sana'ar hannu ba. Mako uku ya ce, bakwai aka yi, wasu ranakun da hujjar rashin wutar lantarki wadda na san gaskiya ce, wasu kuma saboda aikin gadon amare ya shigo ya ture nawa gefe. Na ba da kashi biyu cikin uku a matsayin kafin alƙalami, ya kawo min lissafin katako dalla-dalla ba tare da na tambaya ba, kuma zuwansa biyu na gyara bai karɓi ko sisi ba. Jimillar kuɗin ta yi ƙasa da abin da sabon saitin kushin zai ci. Zan iya tura mai kuliyoyi da yawa wurinsa, da sharaɗin ya tafi da zane mai awo a rubuce, ya leƙa shagon da kansa kafin a naɗa igiya da kuma kafin a shafa komai, sannan ya riƙe cikon kuɗin har dabbobin su yi mako guda a kan kayan.

Turken ramar ya kai a sake masa igiya, kuma da na duba sai na ga kafintan ya kama shi da noti huɗu ne kawai ta ƙarƙashi, yadda za a iya kwance shi ba tare da an taɓa sauran hasumiyar ba, abin da ban ce ya yi ba kuma bai gaya min ba. Ranar Asabar zan kwance shi in kai masa, tare da awon tagar ɗakin baya, inda nake so ya yi musu akurkin raga na shan hantsi.