Kafin ku zaɓa wa yaro mai otizim horo, ku nemi a bar ku ku kalla

Da zarar likita ya tabbatar yaro na da lalurar otizim, wadda aka fi sani da galahanga, sai shawarwari su yi wa iyaye rubdugu, kowa na yabon tasa hanyar. Gaskiyar magana, babu horon da ke cire lalurar. Abin da horo mai kyau ke yi shi ne ya buɗe wa yaro hanyar faɗin abin da yake so, ya koya masa kula da kansa, ya rage ƙuncin da ke sa shi ihu ko buga kai.

Hanyar horon da za ku fi jin sunanta ita ce ABA, wato koyar da ɗabi'a ta hanyar maimaitawa da yabo. Ana gutsuttsura abin da za a koyar ƙanana-ƙanana, a yi ta maimaitawa. Malama ta ajiye kofi da takalmi a kan tebur, ta ce "ba ni kofi", yaro ya miƙa, ta yaba masa nan take, ta rubuta. Binciken Ivar Lovaas na 1987 a Amurka, inda yara suka riƙa yin sa'o'i 40 a mako, shi ya ɗaga sunanta. Tana aiki wajen koyar da shiga banɗaki da sa tufafi. Sai dai tana cin lokaci da kuɗi ƙwarai, kuma manya da dama masu otizim da aka yi musu ita suna ƙanana sun koka cewa an tilasta musu kallon ido, an hana su kaɗa hannu, alhali shi ke kwantar musu da hankali. Wannan koke bai kamata a yi watsi da shi ba. Yadda ake yin ABA ya bambanta daga wannan cibiya zuwa waccan, don haka sunan kaɗai ba zai gaya muku komai ba.

Ga ɗan shekara 1 zuwa 4 akwai tsarin Denver na Sally Rogers da Geraldine Dawson. Tushensa ɗaya da ABA, amma a ƙasa ake zama, cikin wasa, ana bin abin da ya ja hankalin yaron. A gwajin da aka wallafa a 2010 kan yara 48, waɗanda suka yi shi shekara 2 sun fi waɗanda ba su yi shi ba ci gaba a harshe da fahimta. Matsalarsa, waɗanda suka ƙware a kansa ba su da yawa.

Ni na fi karkata ga hanyoyin da ke horar da iyaye, domin su ne ke tare da yaron dare da rana. A tsarin PACT na Ingila, ana ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, a zauna a kalla tare, a nuna mata inda ya tura mata abin wasa ko ya ja hannunta, wato ya yi magana ba ta lura ba. An gwada shi kan yara 152, kuma bibiyar da aka wallafa a 2016 ta nuna alamun lalurar sun ragu har bayan shekaru, ko da yake ba a ga bambanci a gwajin harshe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata horon masu reno: zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3.

TEACCH kuwa tsara muhalli ne da jadawalin hotuna, ya fi dacewa da aji. Yaron da bai fara magana ba, a haɗa masa da PECS, inda yake miƙa hoton abin da yake so.

Ko wanne kuka nufa, ku zauna ku kalli darasi guda. Idan yaro ya juya baya ko ya toshe kunne, me malamin ke yi? Yana ba shi hutu, ko yana riƙe masa haɓa? Ku tambayi takardar shaidar ƙwarewarsa, da wanda ke sa ido a kan aikinsa. Ku sa a rubuta muku buri biyu ko uku da za ku iya gani a gida bayan 'yan watanni, kamar neman ruwa ba tare da kuka ba. Wanda ya ce iyaye ba sa shiga ɗakin horo, ko ya yi muku alkawarin warkewa, ku ɗauki ɗanku ku nemi wani.