Teburin mai shayi na kusa da Ƙofar Mata: ra'ayin wanda ya daɗe yana sha

Tun daga 2022, lokacin da aka mayar da ni aikin dare, teburin wani mai shayi da ke bakin titi kusa da Ƙofar Mata a Kano ya zama wurin karin kumallona. Yana kafa teburinsa bayan sallar asuba, ya tashi da hantsi, sannan ya dawo bayan magariba ya zauna har dare ya raba.

Ruwan shayinsa ne ya fara riƙe ni. Ba ya dogara da ganyen Lipton kaɗai, domin yana dafa citta da kanumfari a cikin tukunyar, ta yadda ƙamshin kan tari mutum tun kafin ya zauna a benci. Wanda ya nemi haɗin kauri zai samu madarar gwangwani da Bournvita ko Milo daidai kuɗinsa, wanda kuma bai da hali sai ya ce a ba shi ruwan bunu, kuma ban taɓa ganin an bambanta su a fuska ba. Yana sheƙa shayin tsakanin kofuna biyu har ya yi kumfa ya huce daidai sha. Sai dai hannunsa yana da nauyi wajen sukari, saboda haka duk mai ciwon suga ya yi magana tun kafin a zuba. Indomie da ƙwai, waɗanda yaronsa ke soyawa, ba su da laifi, amma burodin yakan zama na kwana a wasu ranakun.

Abin da ya fi ba ni mamaki bai shafi ɗanɗano ba. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, wannan bawan Allah bai kori kowa ba. Ya buɗe littafin bashi, ya riƙa rubuta sunayen direbobin adaidaita sahu da masu gadi da 'yan dako, yana ce wa kowannensu, "Malam, sha kawai, in Allah ya hore ka kawo." Daga baya ya fara karɓar kuɗi ta waya. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, madara da ƙwai da sukari suka yi ta hauhawa, shi ma ya ƙara farashi, amma yakan sanar da mutum tun kafin ya haɗa masa, abin da shaguna da yawa masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ba sa yi. A teburin nan ake sauraren labaran rediyo, a nan ake barin saƙo da makulli, kuma fitilarsa ce ke sa mai dawowa daga aiki da tsakar dare ya bi layin hankalinsa kwance.

Inda ya gaza shi ne tsafta. Baho ɗaya na ruwa ne ake tsoma kofuna a ciki tun daga magariba, kuma kafin ƙarfe goma ruwan ya riga ya sauya launi. Na san ruwan saye yake yi daga 'yan ga-ruwa, jarka-jarka, amma wannan ba hujja ba ce ga wanda ke shayar da mutane da dama a dare guda. Haka nan babu mazaunin mata, sai dai su aiko yaro da kofi mai murfi.

Na yi masa maganar bahon har sau biyu, ya karɓa da fara'a, ya gyara na kwana uku, sannan ya koma yadda yake. Tun daga nan nake zuwa da kofina, kuma nakan tambayi ko burodin na yau ne kafin a yanka.