MongoDB ko CouchDB ga mai sayen riɗi a ƙauyukan Gadarif

Ƙanena, ka ce kana haɗa wa wani mai sayen riɗi manhaja a Gadarif ta ƙasar Sudan: yaransa suna fita ƙauyuka da waya suna rubuta buhu nawa aka saya, daga hannun wa, a kan nawa, shi kuma maigida yana son ganin komai a ofis. Ka ga labarin sabon MongoDB yana yawo, wani kuma ya ambata maka CouchDB, kana neman wanda za ka kama. Ni dai a wannan aikin CouchDB zan ce maka, kuma ba don ya fi sabunta ba.

Dukansu biyu rumbun bayanai ne masu ajiye kowane abu a matsayin takarda guda mai tsarin JSON (wani salon rubuta bayanai da manhajoji ke ganewa), babu teburi da layuka irin na MySQL. Rasit ɗin manomi ɗaya takarda ɗaya ne, da sunansa da buhunansa da kuɗinsa a ciki. Daga nan kuma sai hanya ta rabu.

MongoDB ya fito a 2009, kuma kamfani ne ke tafiyar da shi da gudu. Siga ta 4.0 a 2018 ta ba da damar canza takardu da yawa a tare, ko duka su shiga ko duka su fasa. Ta 7.0 a 2023 ta kawo bincike a cikin bayanan da aka kulle ba tare da an buɗe su a saba ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun. Ta 8.0, wadda ta fito a Oktoban 2024, galibi maganar sauri ce. Wajen lissafi ma ba ya wasa: in maigida ya ce a tara masa abin da aka saya a kowane ƙauye, mako-mako, a jera daga mafi yawa, tambaya ɗaya ce ta isa.

Sai dai an gina shi a kan cewa akwai saba ɗaya da ke karɓar rubutu, sauran suna kwafa daga gare ta. Yaron da ke ƙauye in bai kai ga wannan sabar ba, bai rubuta komai ba. A da akwai maganin wannan, domin kamfanin ya sayi Realm, wani rumbun bayanai na waya, a 2019 ya yi Atlas Device Sync, wanda ke ajiye bayanai a waya ya tura idan sabis ya dawo. A Satumbar 2024 suka sanar za su daina shi, suka sa ƙarshen Satumbar 2025 ya zama ranar rufewa. Wannan labarin ya fi na 8.0 muhimmanci a gare ka nesa ba kusa ba. Duk darasin da ka gani a intanet yana koyar da Realm don aiki ba sabis, duba kwanan watansa kafin ka ɓata dare a kansa.

Akwai kuma wani ƙaramin tarko: daga 5.0 zuwa sama, MongoDB yana buƙatar firosesa mai AVX, wata fasahar lissafi da tsofaffin firosesa da yawa ba su da ita. Tsohuwar kwamfutar ofis tana iya ƙin tashe shi gaba ɗaya.

CouchDB ya girme shi. Damien Katz ya fara shi a 2005, ya shiga hannun gidauniyar Apache a 2008, kuma tafiyarsa ta hawainiya ce: 2.0 a 2016, 3.0 a 2020, jerin 3.4 a 2024 da ya kawo sabon injin bincike Nouveau da kuma QuickJS, injin tafiyar da JavaScript. Wanda ke auna rai da yawan sanarwa zai ce ya mutu. Amma abin da aka gina shi a kai shi ne ainihin damuwarka: kowane kwafi yana karɓar rubutu da kansa, in biyu suka haɗu sai su yi musayar abin da ya canza. Ka sa PouchDB, ƙaramin rumbun da ke zama a waya yana musaya da CouchDB, a cikin manhajar wayar, yaro ya yi ta rubutu kwana da kwanaki, ranar da ya samu sabis a bakin titi sai komai ya haura. In sabis ya yanke ana tsaka da turawa, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Mu da muka ga yadda layukan waya suka ɗauke a faɗin Sudan a Fabrairun 2024, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kuma ba gwaji za ka yi da dukiyar mutane ba, Community Health Toolkit, tsarin manhajar da ma'aikatan lafiya ke yawo da shi a karkarar Afirka, a kan CouchDB da PouchDB yake zaune.

To ga inda zai ba ka wahala, kuma nan nake so ka natsu. Idan yara biyu suka taɓa takarda ɗaya kowa a wayarsa, CouchDB ba zai zubar da ko ɗaya ba. Zai zaɓi ɗaya ya nuna, ya ɓoye ɗayan a matsayin saɓani, ya bar maka sulhun. Shi bai san wanda ya fi gaskiya ba. Saboda haka kada ka yi takarda mai suna "jimillar sito" da kowa ke ƙara wa lamba, don wata rana buhu arba'in za su ɓace a lissafi alhali suna nan a jibge. Kowane ciniki ya zama sabuwar takarda da ba a sake taɓawa. In an yi kuskure, a rubuta wata ta gyara, kamar yadda mai littafin bashi na kirki ba ya goge layi. Jimilla kuma a lissafo ta daga rasit.

Na biyu, duk wanda ke da izinin karanta rumbu yana iya karanta duk takardun cikinsa. In ba a so yaron wannan ƙauye ya ga farashin da wancan ya biya, sai kowa da rumbunsa, a riƙa zuba su cikin babba na ofis. Na uku, rahoto. Mango, harshen tambayarsa, ya ɗauko salo daga MongoDB amma bai kai shi ba. Masu manyan ayyuka sukan kwashe bayanan zuwa PostgreSQL, wani rumbu mai teburi, su yi rahoto a can. Kai a farko hanyar tara jimilla da ke cikin CouchDB za ta ishe ka.

Batun lasisi ba zai hana ka barci ba. CouchDB na Apache 2.0 ne, MongoDB ya koma lasisin SSPL mai ƙarin sharuɗɗa tun 2018, kuma wannan ya fi shafar masu sayar da shi a matsayin hidima ga wasu.

Da a ce aikin na kamfanin fitar da kaya ne a Port Sudan, kowa a ofis da intanet tsayayye, ana ta neman rahoto, da MongoDB zan ce ba tare da jinkiri ba. Naka na ƙauye ne. Kafin ka rubuta fuskar manhajar, ɗauki waya biyu, kashe musu data, canza takarda ɗaya a kowacce, sannan ka kunna ka ga abin da manhajarka za ta yi da saɓanin. Turo mana tsarin rasit ɗin naka mu duba shi tare kafin kaka ta shigo.