Wata uku da sabbin kebur ɗin birki a Beetle 'yar 1958

Motata Volkswagen Beetle ce ƙirar 1958, samfurin nan mara ƙyale-ƙyale wanda kamfanin ya bari da birkin kebur har 1962, alhali waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje sun koma birki mai mai tun 1950. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashinta sai ya tambaye ni ina tulun man birki. Babu. Sandar ƙarfe ce kwance cikin ramin da ya ratsa tsakiyar motar, in ka taka birki ta matsa gaba ta ja kebur huɗu, kowace taya da nata. Birkin hannu ma wannan sandar yake turawa, shi ya sa yake kama tayoyin duka huɗu.

Abin da ya sa na sayi sabon saitin kebur shi ne motar ta fara fizgar sitiyari zuwa dama duk lokacin da na taka. Na yi ta ɗaure birkin hagu, a banza. Ashe kebur ɗin ne ya ci tsatsa cikin rigarsa, silin wayar sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Cire tsofaffin ya ci mini Asabar guda da rabin Lahadi. Notin tayar baya mai lamba 36 sai da na zura wa sifana dogon bututu na hau da nauyina kafin ya motsa. Na gaban hagu kuwa bahago ne, hannun dama ake kwance shi, wanda bai sani ba zai yi ta ƙara ɗaurewa yana zargin tsatsa. Da duram, wato kwanon ƙarfen da takalman birki ke gogawa daga ciki, ya fita na jiƙa ƙurar da ruwa na goge da tsumma, ban hura mata iska ba, don tsofaffin takalman birki da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Daga nan na ɗauki hoton yadda sifirin da ɗan hannun da kebur ke ja suke zaune, na zare fil ɗin, na buɗe murfin da ke gaban motar na saki ɗaya bakin kebur ɗin. Na gaba sun fito ba gardama. Na baya na hagu ne ya ƙi, tsohon giris ya daskare a bututun da kebur ke bi kamar kwalta. Sai da na ɗura man kwance tsatsa na bar shi ya kwana, da safe na yi ta ja ina murɗawa, ya fito da baƙin datti har gwiwar hannuna. Kafin in zura sabo na ɗaura tsumma a waya na wanke bututun sau biyar.

To, su kayan da na saya fa? Tsawonsu daidai, wanda shi ne babban abin da nake tsoro, domin kebur da ya zarce da ɗan yatsa ɗaya ya cinye maka duk zaren sukurun saiti. Kawunan an matse su da kyau, na ja da filaya iya ƙarfina ko gezau. Wayar ma tana zamewa cikin rigarta sumul.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. A bushe suka zo ƙayau, ba ko ɗigon giris, kuma babu takardar da ta faɗa. Wanda ya ɗauka an shafa daga masana'anta zai ɗaura abinsa haka, bayan damina ɗaya ya koma gidan jiya. Robar da ke hana ruwa shiga kuma siririya ce, ɗaya ta tsage a hannuna tun kafin ta hau mota, sai tsohuwar na wanke na mayar. Fil-fil ma babu a kwalin. Na rubuta wa mai sayarwar, ya aiko roba bayan mako biyu, fil kuwa shiru har yau.

Saita birkin ne aikin gaske. Birki mai mai shi yake raba ƙarfi tsakanin tayoyi da kansa, na kebur kuwa hannunka ne ma'auni. Na ɗaga motar duka huɗu, na fara matso da takalman har suka soma gogar duram, na ɗan sassauta, sannan na koma kan kebur. Na ja birkin hannu ƙas biyu, na bi tayoyin ina juyawa da hannu ina jin wadda ta fi tauri. Zagaye nawa na yi, ban ƙirga ba. Gwaji kuma a fili mai tsakuwa na yi shi, in taka da ƙarfi in sauka in duba sawun: layi huɗu, wanda ya fi gajarta shi ke neman ƙarin ɗauri.

Sabon kebur yana miƙewa, wannan ba laifin kowa ba ne. Cikin makon farko ƙafata ta fara nutsewa ƙasa, na sake saiti, na kuma sakewa bayan wata guda. Tun daga nan bai ƙara motsi ba. Motar tana tsayawa a miƙe ko na saki sitiyari, sai dai tana son ƙafa mai nauyi, kuma har yanzu ina barin tazara mai yawa tsakanina da na gaba. Zan sake sayen saitin, amma wannan karon tare da gwangwanin giris da robobi daga wani wurin.