Manhajar YouVersion ga sabon mai bi a Kaduna

Wanda ya karɓi Yesu kwanan nan, yana ajin baftisma a Sabon Tasha ko Narayi, yana bukatar Littafi Mai Tsarki a aljihu kullum. YouVersion, manhajar Littafi Mai Tsarki ta waya, kyauta ce, kuma tana da fassarar Hausa fiye da ɗaya. An fara buga cikakken Littafin da Hausa tun 1932, yanzu ga shi a waya.

Bayan an saka manhajar, a zaɓi Hausa cikin jerin harsuna, sannan a sauke fassarar cikin waya. Nan mutane da yawa ke kuskure: ba sa saukewa, data na ƙarewa sai shafi ya ƙi buɗewa a tsakiyar sujada.

A fara karatu da Bisharar Yahaya. Sura 21 ce, ɗaya a rana, mako 3 ke nan. A sura ta 3 Yesu ya gaya wa Nikodimu cewa dole a sāke haifar mutum. A haɗa ta da 2 Korantiyawa 5:17 da 1 Bitrus 1:23. Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne jera aya ɗaya cikin fassara biyu, domin kalmar da ta yi nauyi a wannan takan fito fili a waccan.

Inda ta gaza: yawancin tsare-tsaren karatunta da Turanci suke, sauraron murya kuma yana cin data. Saƙonnin WhatsApp ma sukan katse addu'ar safe, don haka a kashe data kafin a buɗe. Tambayoyin da suka taso a rubuta su, a kai wa fasto ko malamin aji.