Sambusar azumi: suya ko gashin obin?

Tun da azumi ya matso, matan unguwarmu a Jidda suke ta tambayata: a soya sambusa ko a gasa?

Suya ta fi sauri da daɗi, babu musu. Matsalar tana wajen man. Man masara ko na waken suya, in aka yi ta maimaita shi a wuta, lalacewa yake, ya fitar da guba irin su 4-HNE. Jiki yana da dabararsa: hanta ta ɗaure gubar da gulutatayon, wani sinadari da jiki ke kare kansa da shi, ko ta mayar da ita asid, ƙoda kuma ta fitar da ragowar a fitsari. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗora wa hanta wannan aikin kowane buɗa-baki, don tsimin 'yan riyal kawai.

Gashin obin ɗan man da za a shafa wa sambusar kawai yake ci, sai dai yana ɗaukar lokaci, ɓawon kuma ba ya kai na suya ƙaras-ƙaras.

Mai gida cike da baƙi ta soya abinta, amma ta zubar da man da ya yi duhu ko yake kumfa. Mai ciwon suga ko kitsen hanta, Yaya, gashi ya fi miki.