Wata huɗu a gidan tafi-da-gidanka, ni da karnuka biyu

Yaya, kin ce Inna ta kasa barci tun da ta ji wai ina kwana a tirela. Ki kwantar mata da hankali, ba irin ta ɗaukar siminti ba ce. Ɗaki ne mai tayoyi, tsawonsa ƙafa 26, ana jan sa da a-kori-kura. Akwai gado a ciki, da murhun gas, firji, banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki. A cikinsa nake tun da aiki ya dawo da ni Houston a jihar Texas, ni da karnukana Duna da Tauraruwa, kafin Allah ya sa mu dace da gida.

Karnukan ne suka sa haka. Na nemi haya wuri shida. Uku sun ce ba sa karɓar manyan karnuka sam, sauran kuma suka ce sai na ba da kuɗin ajiya a kan kowanne, sannan in riƙa biya masa nasa kuɗin hayar duk wata. Wani abokin aikina ya ce in kai su gidan ajiye dabbobi in huta. Ban iya ba. Kin san gidan da muka tashi, kin san yadda Baba yake fara zuba wa karnukan farautarsa abinci kafin ya kai loma bakinsa. Waɗannan biyun shekara biyar suna gadina. Ga masu yi mini maganar najasa kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Duk da haka na ware musu gefen ƙofa, ba sa taka inda nake salla.

Filin da nake ajiye ɗakin an yi shi ne don irin waɗannan gidaje. Kowa da gurbinsa, da turken wuta, da famfo, da bakin bututun masai. Ka jona, shi ke nan, sai biya a ƙarshen wata. Ruwa bai taɓa yankewa ba. Amma fitar da ƙazantar banɗaki aikinka ne: tana taruwa a wani tanki a ƙarƙashin ɗakin, bayan 'yan kwanaki sai ka sa safar hannu ka buɗe ta zube, sannan ka saki ruwan wanka ya wanke bututun. Wutar gurbina amfiya 30 ce, in na kunna na'urar sanyi da tukunyar dafa ruwa da injin ɗumama abinci lokaci ɗaya sai ta katse.

Zafin nan ba irin namu ba ne. Na Katsina busasshe ne, ka samu inuwa ka samu sauƙi. Na nan jiƙaƙƙe ne, kuma ɗakin gwangwani ne, in wuta ta ɗauke da rana cikin ɗan lokaci ya zama tanda. Shi ya sa na sayi wata 'yar na'ura da ke turo mini saƙo a waya in zafin ciki ya wuce kima ina wurin aiki. Ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta faɗa wa garin, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta. Tun kafin ta iso na ɗauki karnukan muka yi arewa. Da muka dawo filinmu ya yi kwana shida babu wuta, sai ga ni ina layin sayen fetur na janareto kamar a gida. Bambancin shi ne mu mun saba, kowa da dabararsa, nan kuwa na ga tsofaffi sun rasa yadda za su yi, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Kare a nan sai da takarda. Dokar Texas ta wajabta masa rigakafin ciwon haukan kare kafin ya wuce wata huɗu, kuma masu filin sun duba shaidar kafin su ba ni gurbi. Ba ya fita sai da igiya, in ya yi kashi kai za ka kwashe a leda. Kuɗin likitan dabbobi yana da ciwo, amma a ganina wannan doka ta yi. Ki tuna yaran da kare ya ciza a ƙauye aka yi ta neman allura gari-gari.

Neman gidan shi ne babban aiki. A gida sai ka samu dillali, ya zaga da kai, a kira shaidu da mai unguwa. Nan ina zaune nake ganin gida a Zillow, wani shafin intanet na tallan gidaje, da hotunansa da shekarar da aka gina shi da harajinsa. Wannan ya burge ni. In kun daidaita ka ba da kafin alƙalami, ana ba ka 'yan kwanaki ka kawo mai duba gida ya bi rufi, wayoyi, harsashi da ɓarnar gara, in ba ka gamsu ba ka janye. Haka na janye daga gida biyu. Na uku kuma taswirar ambaliya ta nuna yana cikin kwari, maƙwabci ya nuna mini inda ruwan guguwar Harvey ya tsaya a bangonsa a 2017, ya kai ƙugu.

Yawancin mutane bashin shekara 30 suke ci da kuɗin ruwa. Ni na bi ta wani kamfani mai suna Guidance Residential, masu tsarin musharaka: ku sayi gidan tare, kana sayen kasonsu a hankali kana biyan kuɗin amfani da shi. Bai fi na banki araha ba, amma hankalina ya fi kwanciya da shi. Harajin gida kuma yana da nauyi a Texas, domin jihar ba ta karɓar harajin albashi.

Ranar Asabar zan je in ga wani gida a garin Katy da ke gefen Houston, mai ɗaki uku da fili mai shinge a baya, kusa da masallaci. Ki ce wa Inna ta sa mu a addu'a. In an samu mai tahowa, ki aiko mini da daddawa da kuka, na nan sun kusa ƙarewa.